Azumin da Annabi Ya Tarar Yahudawan Madina Suna Yi: Wace Rana Ce a Wurinsu?

Mazaunin Madina ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da malamaina, ina da tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma na ga gara in kawo ta gabanku tun kafin watan cika-ciki ya sake kamawa.

Shekarata goma sha ɗaya a Madina ina aikin yi wa alhazai tafinta, kuma duk shekara idan Muharram ya kama nakan karanta wa yarana hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo Madina ya tarar da Yahudawa suna azumtar ranar Ashura, ya tambaye su dalili, suka ce rana ce da Allah ya tsirar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna, sai ya ce mu ne muka fi cancanta da Musa, ya azumce ta ya kuma yi umarni da a azumce ta. A bara babban ɗana, wanda yake aji uku a sakandare, ya tambaye ni ko Yahudawan yau suna nan suna yin wannan azumi. Na ce masa zan bincika, domin ba na son in gaya wa yaro abin da ban tabbatar ba.

A cikin binciken ne na ci karo da rubutun wani malamin Yahudawa da aka fassara zuwa Larabci, inda yake bitar bukukuwansu ɗaya bayan ɗaya yana danganta su da zaman gida da kasuwa. Abin da na gani ya rikita ni. Bikin da suke tuna fita daga Masar, wanda suke kira Fesah, yana zuwa ne wajen watan Maris ko Afirilu, kuma biki ne na zama a ci abinci tare da iyali, ba azumi ba. Babban azuminsu kuwa, Yom Kiffur, yana faɗawa ne ranar goma ga watan Tishri, wajen Satumba ko Oktoba, kuma malamin bai ambaci Fir'auna a kansa ko sau ɗaya ba. Maganarsa duka a kan tuba ce da neman gafara da biyan haƙƙin mutane.

To wace rana ce Yahudawan Madina suke azumta a lokacin? Kuma shin akwai laifi a kaina da na tsaya ina karanta bayanin malaminsu? Ina tambaya ne da zuciya ɗaya, ban kuma yi shakkar hadisin ba ko kaɗan. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamin lissafi a Jidda ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka tsohuwa ce, malamanmu sun riga mu tsayawa a kanta, saboda haka ka kwantar da hankalinka. Ni ba malamin hadisi ba ne, amma ɓangaren ƙidayar watanni fagena ne, kuma a nan ne rabin amsar take.

Yahudawa suna ƙidaya watanni da jinjirin wata kamar mu, wata yana yin kwana 29 ko 30, amma ba sa barin shekara ta riƙa zagayawa cikin damina da rani kamar tamu. Shekarar wata tana da kusan kwana 354, ta gaza ta rana da kusan kwana 11, su kuma dokarsu ta ce Fesah dole ya zo a lokacin da hatsi yake nuna a ƙasarsu. Don haka a cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata guda a shekaru bakwai, wato ta 3, ta 6, ta 8, ta 11, ta 14, ta 17 da ta 19, sai shekarar ta zama mai wata goma sha uku, watan Adar ya zo sau biyu. Mu kuwa, tun da aya ta 37 ta Suratut Tauba ta sauka game da jinkirta watanni, shekararmu wata goma sha biyu ce ba ƙari. Sakamakon haka goma ga Muharram tana zagaya shekarar rana gaba ɗaya cikin kimanin shekara 33, alhali goma ga Tishri tana nan daram a ƙarshen damina ta lissafin ƙasarmu. Lokaci-lokaci sukan haɗu. A 2016 da 2017 Ashura da Yom Kiffur sun zo tare, ko da tazarar yini ɗaya gwargwadon ganin wata a kowace ƙasa.

Sai abin da ya fi jan hankali. Manzon Allah bai iso Madina a Muharram ba, a Rabi'ul Awwal ya iso, kuma Ibn Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan hijira, ya kawo wannan mishkila a cikin Fathul Bari. Ya ambaci amsa biyu. Ta farko, ma'anar hadisin ita ce ya zo ya zauna har Muharram ya kama sannan ya ga suna azumi. Ta biyu, mai yiwuwa Yahudawan suna lissafin ranarsu ne da shekarar rana, sai ta dace da lokacin isowarsa. Tun kafin Ibn Hajar, Albiruni ya yi lissafin a cikin littafinsa Al-Asarul Baƙiya wajen shekara ta 1000 miladiyya, ya gano cewa a shekarar hijira azumin goma ga Tishri ya faɗo a farkon Rabi'ul Awwal. Masanin taurarin nan na Masar, Mahmud Basha Alfalaki, ya sake lissafin a ƙarni na 19, ya tsayar da isowa Ƙuba a ranar Litinin 20 ga Satumba 622, wadda ta dace da goma ga Tishri. Ka ƙara da cewa a cikin Attaura, a sura ta 16 ta Littafin Firistoci, an ambaci ranar da kalmar Ibrananci "asor", wato goma ga wata, tushenta ɗaya da "ashara" ta Larabci.

Akwai kuma riwayar Abu Musa a cikin Muslim da ta ce mutanen Haibar suna ɗaukar ranar a matsayin idi, suna sa wa matansu kayan ado. Wannan yakan ba mutane mamaki, domin yaya ranar azumi za ta zama ranar ado? Amma a cikin Mishna, littafin fiƙihunsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, an rubuta cewa babu ranakun farin ciki ga Bani Isra'ila kamar sha biyar ga watan Ab da Yom Kiffur, lokacin da 'yan matan Ƙudus suke fita da fararen tufafi na aro, domin kada a kunyata wadda ba ta da shi.

Saura batun Fir'auna, kuma a nan zan taƙaita. A al'adar malamansu, ranar goma ga Tishri ce Annabi Musa ya sauko daga dutse da allunan dokokin Allah karo na biyu, bayan an gafarta wa mutanensa bautar ɗan maraƙi. Ke nan ranar tana ɗaure da Annabi Musa ko a wurinsu. A ganina alamun sun fi karkata ga Yom Kiffur, amma wannan ra'ayin mai lissafi ne. Abin da ya shafe mu a aikace bai canza ba: Manzon Allah ya tsayar mana da goma ga Muharram, ya kuma ce idan ya kai baɗi zai azumci ranar tara.

Ɗalibi a Makka ya amsa:

Allah gafarta Malam na Jidda, bayaninka ya gamsar, sai dai ina so in ƙara abu biyu domin kada mai karatu ya fahimci cewa daga Yahudawa muka ari azumin. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Ƙuraishawa suna azumtar Ashura tun a jahiliyya, kuma Manzon Allah yana azumtarta tun a Makka. Da aka wajabta Ramadan a shekara ta biyu bayan hijira sai ta koma nafila.

Game da karanta rubutun malaminsu kuwa, Yaya mai tambaya, ma'aunin yana cikin Buhari: kada ku gaskata ma'abota littafi, kada kuma ku ƙaryata su. An kuma yi izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila. Ibn Kasir ya kasa irin waɗannan labarai gida uku, abin da littafinmu ya gaskata, da abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kai. Wanda ya san addininsa ya karanta domin ya san mutane, ban ga laifinsa ba. Yaro ɗan sakandare dai, ni ba zan miƙa masa irin wannan rubutu ya karanta shi kaɗai ba. Kuma gaskiya zan faɗa, a wannan lokaci da zukatanmu suke ƙuna saboda abin da ya sami mutanen Gaza, ba kowa ne zai iya jin wannan hira da sanyin rai ba, ni kaina sai da na yi ta maza kafin na karanta ta har ƙarshe.

Dattijo daga Omdurman ya amsa:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Jikana ne yake rubuta mini wannan, domin idona ya yi rauni, kuma tun da yaƙi ya tashe mu daga gida a 2023 muna zaune a Fot Sudan wurin 'yata. Ɗana na Makka, ƙunar da kake ji ina jin ta, wanda ya bar gidansa da ƙafa ya san abin da ake nufi da rushewar gari. Amma zaluncin gwamnati abu ne daban, sanin yadda mutane suke bauta kuma abu ne daban, kuma Allah ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci.

Da yawa daga cikinku ba su san cewa an yi Yahudawa a Sudan ba. A zamanin Mahadin Sudan iyalai kaɗan ne, aka tilasta musu shiga Musulunci, kuma unguwar Masalma da ke Omdurman daga irin waɗannan mutane, su da Kiristocin da abin ya shafa, ta samo sunanta. Bayan Turawan Ingila sun ci garin a 1898 wasunsu suka koma addininsu, wasu kuma suka zo daga Masar da sauran ƙasashen Larabawa domin kasuwanci. A 1906 aka kawo musu malami, Sulaiman Malka, haifaffen Maroko wanda ya yi karatu a Ɗabariyya, kusan lokacin da kakanninmu da suka tsira daga yaƙin Burmi da Turawa suke neman wurin zama a bakin Kogin Nilu. Mutanen gari suna ce masa Hakam. Ya jagorance su har ya rasu a 1949, a zamaninsa aka gina majami'arsu ta Hartum a 1926, kuma da Larabci yake rubuta bayanansa kan Attaura. Ko a lokacin da suka fi yawa ba su wuce kimanin mutum dubu ba. Bayan samun 'yancin kai a 1956 suka fara tafiya, yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ya kwashe kusan duk sauran.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aiki a shagon wani Bayahude mai sayar da yadi a Hartum, kuma daga bakinsa na fara jin wannan rana da Larabawa suke kira Yaumul Gufran. Ya ce duk ranar Juma'a kafin rana ta faɗi mutumin yake rufe shago, ba ya taɓa kuɗi ba ya kunna wuta sai taurari sun fito ranar Asabar da dare. Amma abin da ya fi zama masa a rai shi ne jajiberin babban azumin. Mutumin yakan kira ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, ya biya duk wanda yake binsa ko da kwabo ne, sannan ya ce idan ya ɗaga wa wani murya ko ya zarge shi a kan abin da bai yi ba a cikin shekarar, to yana roƙon mutumin ya yafe masa. Mahaifina ya ce karon farko kunya ta kama shi har ya rasa abin faɗa, ga mai gida tsaye a gaban yaronsa yana roƙo.

Da na girma na shiga aikin koyarwa sai na nemi asalin abin. Azumin kansa mai tsanani ne: daga kafin faɗuwar rana zuwa fitowar taurari washegari, kusan awa 25, babu ci babu sha, babu wanka, babu shafa mai, babu takalmin fata, babu kusantar iyali. Suna yin salloli biyar a ranar, da la'asar su karanta labarin Annabi Yunusa da tubar mutanen Ninawa, a rufe da busa ƙahon rago. Amma Mishna ta faɗa ƙarara cewa ranar tana kankare laifin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, laifin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa kuwa ba ta kankare shi har sai ya je ya nemi yardarsa. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya fayyace yadda ake yi. Ko ka mayar da dukiyar, sai ka nemi afuwa da baki. Idan ya ƙi, ka zo da mutum uku su roƙa tare da kai, har sau uku, bayan haka nauyin ya koma kan wanda ya ƙi yafewa. Idan kuwa ya riga ya mutu, ka mayar wa magadansa haƙƙinsu, ka tara mutum goma a bakin kabarinsa ka amsa laifinka a gabansu.

Ɗana mai tambaya, ba sai mun je wurinsu neman wannan ba, yana cikin Buhari: wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa a mutuncinsa ko wani abu, ya nemi ya warware masa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Malamanmu kuma sun ce kankarar zunubin shekara da aka yi alkawari a azumin Ashura ta ƙananan zunubai ce, haƙƙin bayi ba ya cikinta. Abin da na ga sun yi shi ne sun sa wa abin rana a kalanda, yadda mutum ba zai ce sai wani lokaci ba. Mu muna da hadisin, amma sau nawa muke barin shi sai an zo wankan gawa sannan a tashi ana cewa wanda yake binsa bashi ya yi magana?

Uwar yara a Makka ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya mayar da ku gidajenku cikin aminci. Ni abin da ya tsaya mini a tambayar shi ne yaron da ya yi ta. Na karanta yadda suke yin daren farko na Fesah, sha biyar ga watan Nisan, kuma duk tsarin daren an gina shi ne domin yara su yi tambaya. Kafin ranar matan gida sukan share ko'ina su fitar da duk abin da yisti ya taɓa, a ci gurasa marar yisti kwana bakwai, ko takwas ga waɗanda suke wasu ƙasashe, domin tuna cewa an fita Masar da gaggawa kafin ƙullu ya tashi. A kan tebur akwai ganye mai ɗaci saboda ɗacin bauta, da ruwan gishiri saboda hawaye, sai ƙaramin yaron gidan ya miƙe ya tambayi abin da ya sa daren nan ya bambanta da sauran darare, uban kuma ya ba da labarin tun daga farko.

Da na karanta sai na tuna gidanmu a Kano ina yarinya. Kakata takan adana jelar ragon layya har daren cika-ciki, a dafa ta a tuwo, a ce kowa ya ci ya ƙoshi. Mun ci mun ƙoshi, amma ban tuna ranar da wani ya zaunar da mu ya ba mu labarin Annabi Musa ba, alhali babu annabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani kamarsa, fiye da sau 130. A nan Makka ma yaranmu sun san ana azumin tara da goma, an sha ruwa da dabino da shurba, shi ke nan. Bana na yi niyyar bayan shan ruwa in buɗe musu Suratu Ɗaha da Suratul Ƙasas, mu bi labarin daga akwatin da aka jefa a kogi har zuwa tsagewar teku, in bar su su yi ta tambaya.

Mazaunin Madina ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya. Malam na Jidda, na zauna da yaron jiya da takarda da biro muka bi lissafin shekara 19 ɗin, ya gane shi fiye da yadda na zata. Ƙanena na Makka, na karɓi shawararka, ni zan riƙa karantawa in tace masa.

Baba na Omdurman, maganarka ce ta hana ni barci. Akwai abin da ban faɗa ba a tambayata ta farko. Shekara uku ke nan ba na magana da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake aiki a Jidda, saboda kuɗin gidan gado da aka sayar a gida. Na zarge shi a gaban dangi da cin wani kaso, daga baya takardu suka nuna kuskuren lissafi ne daga wurina, amma girman kai na wa ya hana ni komawa in faɗa a gaban waɗanda na faɗi na farkon. A cikin shekarun nan uku ban sha Ashura ko sau ɗaya ba, ina azumi ina sa ran an kankare mini shekara, ina kuma wucewa ta gaban kabarin Manzon Allah kusan kullum da alhazai ina fassara musu hadisai.

Na karɓi lambarsa ta yanzu daga wurin yayarmu. Ba zan yi ta waya ba. Na sayi tikitin jirgin ƙasa na ranar Alhamis bayan azahar, kuma na roƙi kawunmu da wasu dattawa biyu da suke wurin ranar da na yi maganar su same ni a gidansa bayan sallar isha'i. Ina roƙon addu'arku Allah ya sa ya buɗe mini ƙofa.